Jatau Wanzami da Gashin Bakin Tarwaɗa

Ni dai ina da ɗan aibina, da zarar aska ta hau ƙeyata sai barci. Wanzamina kuwa mutum ne mai labari, shi ya sa yawancin abin da na sani na duniya kai da wutsiya ne, tsakiyar ta tafi a gyangyaɗi. Wannan ne kaɗai na ji tun daga farko har ƙarshe ban runtsa ba, shi ma don ran nan askar ba ta da kaifi.

A wata tunga ta masunta a bakin Kwara an yi wani wanzami ana ce masa Jatau. Gwani ne, wannan ba a musu. In ya kafa maka ƙaho sai ka ji kamar an sauke maka buhun gero daga gadon baya. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya ganin gashi a tsaye ya ƙyale. Al'adar wanzaman wajen ce in an gama askin kai a yi wa mutum gyara, a rage saje, a daidaita gashin baki, ba sai ya roƙa ba. To shi Jatau gyaransa yakan fi askin yawa. An ce har bunsurun maƙwabta ya daina bi ta ƙofar gidansa.

Wata rana da hantsi, lokacin da kogi ya ja baya ana jiran cikowarsa, Jatau yana gindin ɓaure yana wasa aska sai ga wani tsoho ya hauro daga gaɓa. Baƙi ne sumul, kansa faffaɗa kamar faifai, idanunsa 'yan mitsi-mitsi, rigarsa na ɗigar ruwa. Gashin bakinsa sili takwas ne, dogaye har ƙirji, suna motsi alhali ko iska ba ta kaɗawa. Ya yi sallama ya zauna, ya ce a aske masa kai. Da Jatau ya duba kan sai ya ga gansakuka ce ta yi kore shar. Wanzami ai ya ga abin da ya fi haka. Ya jiƙa, ya kankare ta tas, tsoho kuwa ya ji daɗi har ya fara minshari.

Nan fa hannun Jatau ya fara ƙaiƙayi. Ya dubi silin nan takwas, ya ce a ransa dattijo kamar wannan bai kamata ya riƙa tsoma gashin baki a cikin fura ba. Ya tattara su ya shafce da aska ɗaya. Ba jini. Suka faɗi ƙasa suna mutsu-mutsu kamar tana, suka nutse cikin rairayi.

Tsoho ya farka ya shafa bakinsa. Ya miƙe, ya yi tangaɗi, ya juya gabas ya juya yamma.

Ya ce, "Wanzam, ina ka kai kogin?"

Jatau ya ce, "Baba, ga shi nan gabanka, har yana taɓa maka ƙafa."

Tsoho ya zauna daɓas, ya ce shi kam duniya ta zame masa ruwan randa, ba ɗanɗano ba hanya. Kafin Jatau ya gane inda maganar ta dosa, wasu ƙarti biyu masu taushin jiki sun fito daga ruwa. Dogarawan minjirya ne, kifin nan da in ya taɓa mutum jikinsa yake ɗaukar tsuma. Ɗaya ya dafa masa kafaɗa a hankali, kamar mai yi masa ta'aziyya, sai Jatau ya ga taurari da rana tsaka.

Ya farfaɗo a ƙarƙashin kogi yana numfashi lafiya lau, a tsakiyar wani birni da bai taɓa jin labarinsa ba. Duk kwalekwalen da ya taɓa nutsewa a Kwara yana can, an kifa shi an yi rufin ɗaki. Bangaye na ɓawon katantanwa ne, suna walƙiya fari da ja. Hasken rana yana saukowa tsaye-tsaye kamar ginshiƙai, kifaye suna ratsa shi sahu-sahu, saiwoyin bado suna lilo daga sama kamar labule. Jatau ya buɗe baki ya manta da rufewa, har wani ɗan kifin karfasa ya leƙa ciki ya fita.

Aka gurfanar da shi gaban Alƙali Ayu, dabbar nan ta ruwa mai cin ciyawa, wani ƙaton dattijo mai tumbi da ke kishingiɗe kan ciyawa yana tauna a hankali.

Alƙali ya ce, "Ya kai bil'adama, ka san abin da ka yanke?"

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta malam, gashin baki ne. Gyara na yi masa, al'adarmu ce."

Alƙali ya daɗe yana tauna. Sa'an nan ya bayyana masa cewa tsohon nan Tarwaɗa ne, Jagaban kifayen Kwara, kuma abin da ke bakinsa ba ado ba ne. A cikin laka ido ba ya amfani. Da sili biyun da ke kusa da hanci yake jin motsin ruwa kafin ruwan ya iso. Da dogayen biyu na gefe yake ɗanɗanar kogi, ya gane ruwan wane rafi ne ya shigo, daga wace ƙasa. Da huɗun ƙasa yake laluben taɓo ya san inda abinci yake. In kogi ya ciko shi ke shiga gaba ya kai kifaye fadama su yi ƙwai. In bai kai su ba, bana babu kifi, a ruwa ko a tukunyar mutanen tungarsu.

"Ka raba shi da abin da yake sanin duniya da shi," in ji Alƙali. "Kai kuma da hannun dama kake sanin taka. Za a cire shi."

Jatau ya faɗi yana birgima yana tuba, ya haɗa Alƙali da iyayensa da kakanninsa. Sai tsohon da kansa, wanda shi ma an dawo da shi, ya sa baki, ya ce can inda kogi ya ƙare ruwa ya koma gishiri akwai Uwar Hannaye, wadda in ta rasa hannu wani yake fito mata. In wanzami ya kai shi wurinta, wataƙila a dace. Alƙali ya yarda. Ya sa aka kawo wata 'yar halitta mai siraran zaruruwa, aka ɗora wa Jatau a wuyan hannu, ta nannaɗe shi kamar awarwaro. Aka gaya masa kullum za ta ƙara matsewa, ba za ta saki ba sai ran da Jagaba ya faɗa da bakinsa cewa ya ɗanɗani hanya. In kogi ya riga su cikowa, hannun zai faɗi da kansa, an hutar da dogarawa.

Tsoho ya ce ba ya iya tafiya. Jikinsa kuma santsi, in an ɗauke shi sai ya zame. Dole Jatau ya kwance rawaninsa ya goya shi kamar jariri, namiji da gemunsa, ya yi ɗamara a ƙirji. Haka suka fita ta ƙofar kudu, kifaye na kallo, wasu na kawar da kai don kunya.

Suka yi ta tafiya. Suka ratsa makwantar kadoji a kan yatsun ƙafa, suka bi ta tsakanin ƙafafun dorina kamar masu ratsa rumfar kasuwa. Tsoho nauyi gare shi kamar turmi, ga mita. Duk abin da Jatau ya samo masa sai ya ce ba ya jin ɗanɗanonsa, amma bai taɓa rage ko loma ba.

Suka iso inda kogi ya shige ƙarƙashin dutse. Nan ne ƙasar dodannin koɗi, kowannensu girman rumbu, suna tafe a hankali bisa duwatsu suna barin sawu mai ƙyalli kamar azurfa. Kowanne yana da ƙahoni huɗu masu laushi. Dogaye biyu na sama, a kan tsininsu idanu suke, ɗaya ya kalli gaba ɗaya ya kalli baya. Gajeru biyu na ƙasa suna shinshinar hanya. Babbansu yana zaune a bakin kogon da za a bi, Sarkin Ƙofa kenan.

Jatau mutumin kirki ne, ya matsa da sauri ya miƙa hannu a yi musabaha. Nan take ƙahonin Sarkin Ƙofa suka shige ciki kamar ana juya hannun riga, idanu suka bi su, kai ya bi idanu, ƙoƙon bayansa ya faɗa bakin kogon ya toshe shi ruf. Sauran ma duk suka shige. Gari ya koma tarin duwatsu.

Tsoho ya ce daga cikin goyo, "Hannun nan naka dai shi ne ajalinmu. Zauna a kansa."

Jatau ya zauna a kan hannunsa. Bai taɓa yin aikin da ya ba shi wuya kamar wannan ba. Suka yi ta jira, awarwaro na matsewa, har ɗan ƙaramin yatsansa ya yi sanyi ya daina jin kira. Can dai sai tsinin ƙaho ɗaya ya leƙo, ido ya buɗe a kansa kamar tauraro, ya daɗe yana kallonsu, sa'an nan sauran suka biyo.

Sarkin Ƙofa ya ce, "Ya kai mai gaggawa, ka yi mana uzuri. Wanda ya ɗora idonsa a kan tsinke dole ya iya mayar da shi gida. Ƙananan ƙahonina sun ji ƙanshin ƙarfe a jikinka tun kana nesa."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, aska ce, kuma ita ta jawo mini duk wannan."

Ya naɗe ta cikin tsumma ya tura can ƙasan zabira, jakarsa ta aiki, ya rantse ba zai ƙara zare ta ba. Sarkin Ƙofa ya ji daɗin maganar. Ya ce su kwanta, ya bi ta kansu a hankali ya shafe su da yauƙinsa tun daga kai har ƙafa. Ya ce kyauta ce. Jatau ya yi godiya don ladabi, yana tofar da abin da ya shiga bakinsa.

Bayan kogon ruwa ya fara canja launi, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi, har Jatau ya ji gishiri a harshensa. Ƙasa ta yi nisa a ƙarƙashinsu. Sai ga wani haske a gaba, ya ɗauka a garin aljannu ne ake biki. Laimomi ne dubbai suna yawo a ruwa ba mai riƙe da su, garai-garai kamar gilashi, suna buɗewa suna rufewa kamar masu numfashi, cikinsu na ba da haske shuɗi da ruwan hoda. Daga gefen kowace laima zaruruwa ne suka zubo, sun fi igiyar guga tsawo, suna kaɗawa a hankali. Jatau ya tsaya yana tasbihi. A ransa kuma, don hali zanen dutse ne, yana cewa wannan gashi haka ba mai gyara shi.

Wani kifi ya zo wucewa, zare ɗaya ya shafe shi. Ya sandare nan take. Zaren ya naɗe shi ya yi sama da shi zuwa cikin laima, ana ganinsa ta cikin gilashin yana narkewa.

Jatau ya ɗaga murya cikin ladabi ya nemi izinin wucewa. Amsar ta zo daga ko'ina lokaci ɗaya, siririya kamar busar sarewa.

"Ya kai mai ƙafafu, ba mu da ido da za mu gan ka, ba mu da zuciyar da za mu ƙi ka. Zarenmu shi ne tarkonmu, shi ne mashinmu, shi ne hannun da ke kai mana baki. Abin da ya taɓa mu abincinmu ne. Wuce in za ka iya."

Ya shiga yana karkacewa. Zaruruwa suka riƙa shafarsa suna zamewa a kan yauƙin Sarkin Ƙofa, sai bayan kunnensa na hagu inda ya sosa, nan ɗaya ya same shi, ya ji kamar an ɗora masa garwashi. Ya rasa gabas ya rasa yamma. Tsoho ne ya riƙa ce masa bi dama, sunkuya, yanzu bi hagu, har suka fita. Jatau ya yaba masa da ƙarfin tunawa. Tsoho ya ce ai tsufa ma baiwa ce.

Lokacin da suka kai gindin wani dutse mai kogo, yatsu biyu kaɗai suka rage masa masu rai, babba da manuni. Ya duba ko'ina bai ga kowa ba. Yana shirin fashewa da kuka sai dutsen da ke gabansa ya koma ja, ya koma fari, ya yi zane-zane kamar atamfa, sa'an nan ya buɗe ido, ƙwayarsa a kwance kamar ta akuya.

Uwar Hannaye ta warware. Hannaye takwas ne, kowanne ya fi kututturen giginya kauri a gindi, ya tafi yana sirancewa har ya zama kamar bulala. A ƙarƙashin kowanne kuwa ƙahoni ne jere sahu biyu, manya da ƙanana, suna kamawa suna saki. Jatau ya tuna 'yan ƙahoninsa da ke cikin zabira waɗanda yake taƙama da su a kasuwa, sai ya durƙusa. Ya ga hannu ɗaya yana jera duwatsu a bakin kogo. Wani yana ɓare katantanwa. Wani ya shige tsagar dutse yana farautar ƙaguwa. Wani kuwa barci yake yi abinsa.

Ya ce, "Allah ya ja zamaninki, uwar duk wani mai kafa ƙaho. Ta yaya kike ba su umarni gaba ɗaya?"

Ta ce, "Ba na ba su. Kowanne da hankalinsa. Ni uwa ce a nan, sai dai in ji labari."

Hannu ɗaya ya taso ya kafa masa ƙaho a goshi, biyu a kafaɗu. Ya ji gajiyar tafiya tana fita daga jikinsa kamar ana zare ƙaya. Ta gaya masa cewa ƙahonin nan harsuna ne, abin da suka kama sun ɗanɗana. Ta faɗa masa abin da ya ci kafin ya bar gida, har daddawar da ta yi yawa a miyar. Ta ce ya yi kuka a hanya ya ɗauka ruwa ya rufa masa asiri.

Sai ta jawo hannu na takwas daga cikin kogo. Wata ƙatuwar ƙugiya ta masu jirgi ta nutse a tsakiyarsa da guntun sarƙa, wurin ya kumbura ya yi fari, ruɓa tana hawowa sama. Ta ce 'yan'uwansa bakwai sun ƙi su taɓa shi, ba wanda zai cire ɗan'uwansa. Mai aska take nema.

Jatau ya ja da baya. Ya ce ya yi rantsuwa, kuma yankan da ya yi na ƙarshe shi ya kawo shi nan da tsoho a baya. Ta ce to ya zauna su kalli juna, ita ruɓa ta kai mata zuciya, shi hannu ya faɗi. Ya ciro tsumman ya warware. Ya riƙe askar da yatsunsa biyu, ya matsa kusa, sai ya tsaya.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, daga ina zuwa ina?"

Ta ce, "Ba nawa ba ne. Tambayi mai shi."

Jatau ya durƙusa gaban hannun, ya gaishe shi kamar yadda ake gaida majiyyaci, ya tambaye shi. Tsinin hannun ya lanƙwaso a hankali, ya shafa wani wuri sama da kumburin, ya zana layi. Jatau ya yi bisimilla ya bi layin, bai ƙara ko kaurin gashi ba. Jini ya fito shuɗi kamar ruwan baba na marina, ya bazu a ruwa. Guntun da aka yanke ya ja ƙugiyarsa ya tafi cikin duhu shi kaɗai. Bakin ciwon ya tsuke, Uwar Hannaye ta yi wani launi mai taushi kamar sararin asuba, ta ce wani zai fito a gurbinsa, da ƙahoninsa da hankalinsa.

Sai Jatau ya faɗi buƙatarsa, yana nuna wuyan hannunsa da ya yi baƙi. Hannu biyu suka zagaya bayansa suka kwance goyon, suka ɗago tsohon suka juyo da shi gabansa. Ga sili takwas a bakinsa, sababbi ful, suna rawa a ruwa. Tsoho ya miƙa dogayen biyu wajen arewa, ya lumshe 'yan idanunsa.

Ya ce, "An yi ruwa a tudu. Ina jin jar ƙasa da toka da kashin shanu. Na ɗanɗani hanya."

Awarwaro ya warware ya yi iyo ya tafi. Jini ya koma yatsun Jatau da zafi kamar cizon tururuwa. Ya faɗi yana godiya, yana yi wa Uwar Hannaye kirari, mai warkarwa da taɓawa ɗaya. Ita kuwa sai sauya launi take yi, jikinta na girgiza kamar mai danne dariya. Da za su tafi ta ce da tsohon, "Ka daɗe a hanya. Cewa na yi ka kawo mini mai aska, ban ce ka hau shi ba." Jatau bai kula ba, yana can yana sumbatar yatsunsa.

Komawa ba ta yi wuya ba. Tsoho ya rikiɗa ya koma tarwaɗa mai tsawon kwalekwale, Jatau ya kama wutsiya, suka keta ruwa kamar kibiya. Suka iso daidai kogi yana tumbatsa. Jatau ya ga kifayen Kwara kaf sun yi sahu a bayan Jagaba, ruwa ya yi baƙi da su, suka kwarara cikin fadama. Igiyar ruwa ta ajiye shi a gindin ɓaurensa, ba rawani, kunne a kumbure, hannun dama a jikinsa.

Shekarar an yi kifi har aka rasa itacen banda. Jatau ya ci gaba da aski, sai dai ƙaramin yatsan bai ƙara lanƙwasawa ba, bayansa kuma kullum sai an kafa masa ƙaho. Duk wanda ya zauna gabansa sai ya ba shi labarin Uwar Hannaye da mu'ujizarta, masunta suna saurare suna kallon ƙasa, don ba a yi wa mai riƙe da aska dariya.

Gashin bakin tarwaɗa dai, in an yanke shi, da kansa yake sake tsirowa, ko an je teku ko ba a je ba.